Godiya ga ofishin lauyoyin da suka riƙe ni tsakanin biza biyu

Assalamu alaikum.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne, domin abin da ofishinku ya yi mini ya fi ƙarfin "na gode" ta waya.

Shekara huɗu na yi ina aiki a Amurka da bizar H-1B, wato bizar aiki ta ƙwararru. Duk wanda ya riƙe ta ya san ƙafarsa a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke shi. Ranar da aiki ya ƙare, kwana 60 ne a gabansa, ko ya sami wani ko ya tattara komatsansa, ga wa'adin shekara 6 yana ƙaratowa. Shi ya sa na koma shirin EB-5, na samun katin zama ta hanyar zuba jari, inda ake zuba dala 800,000 a karkara ko yankin da rashin aiki ya yi katutu, jarin ya samar wa mutum 10 cikakken aiki. Dokar 2022 ta ba wanda ke cikin ƙasar damar shigar da I-526E (takardar jari) da I-485 (takardar neman katin zama) lokaci guda, haka kuka yi mini.

Takarduna na hannun USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, sai ga wani kamfani da tayin aikin da na daɗe ina buri. Wallahi har na rubuta takardar ajiye aiki. Barista, ba zan manta yadda kika ture kwamfutarki gefe ba, kika dube ni kika ce kada in motsa sai sabon kamfanin ya shigar da tasa takardar H-1B kuma rasit ya zo hannunmu. Raina bai so ba, amma na bi.

Da katin izinin aiki ya iso, na ɗauka an gama. Nan ma kika ce in ajiye shi a aljihu in ci gaba a kan H-1B, domin idan aka ƙi takardar jarin, ina da wurin tsayawa ni da iyalina. Da wani lauya ne, da ya bar ni na yi abin da nake so, ya karɓi kuɗinsa. Wannan shawarar ce ta sa nake barci a watannin jira.

Sai batun asalin kuɗi, wanda ya fi komai wahala, don hukuma na son sanin inda kowace dala ta fito. Malamar da ke haɗa fayil ta bi takardun gidan da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana, daga rabon gado har sayarwa, tana liƙa 'yar takarda mai launi a kowane shafi. Ranar da ta ga kwanan wata biyu sun saɓa, da kanta ta kira ni bayan an tashi aiki muka gyara.

Yau ina sabon wurin aikina, katin zama mai sharaɗi na shekara 2 yana hannuna. Idan lokacin shigar da I-829 ya yi, wato takardar cire sharaɗin, ƙofarku zan sake ƙwanƙwasawa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Naku,
wani injiniya da kuka yi wa aiki