Sanarwa kan atisayen kare kai na ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Daga Asabar ɗin nan za mu sauya salon atisaye. Mun saba da abokin da zai miƙo hannu ya tsaya ƙiƙam yana jira a murɗe shi. Mai ƙwacen waya a lungu ba ya jira, kuma da wuya ya zo shi kaɗai.

Kowa ya zo da baƙar riga da alli. Allin shi ne wuƙar. Ɗaya zai kawo hari bil haƙƙi na daƙiƙa 20, ɗayan ya kare kansa ya nemi hanyar tsira, sannan mu duba rigar. Na gwada da mataimakina makon jiya. Zane bakwai na ƙirga a cikina da haƙarƙarina, ni mai koyarwar! Tun daga nan na daina yi wa kowa alkawarin ƙwace wuƙa. In waya suke nema, a miƙa musu a bar wurin.

Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Japan a 1882 (ba Bakano ba ne, kada wani ya fara murna), ya ba randori muhimmanci sosai, wato kamawa da abokin da ke turjewa da gaske. Shi muke so mu kwaikwaya. Zagayen ƙarshe bayan gudu za a yi shi, ana haki, baya a jikin bango, da silifa a ƙafa.

Ba duka a kai ko maƙogwaro. Duk wanda ya ce "tsaya", a sake shi nan take. Mata su yi da mata.

Ƙarfe 7 na safe. A zo da ruwa da robar kare haƙora.