A ceto takardun malaman zane mata kafin gara ta cinye su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai albarka don in ja hankalin iyalai a ƙauyukan Kano da Jigawa kan wata dukiya da ke salwanta shiru, wato takardun iyayenmu mata da suka koyar da zane da aikin hannu a makarantun firamare da na 'yan mata.

Kowa ya san Ladi Kwali, mai ginin tukwane, saboda hotonta na kan naira 20. Amma mutum nawa ne suka san Clara Ugbodaga-Ngu, wadda aka haifa a Kano a 1921, ta koyar da zane a kwalejin Zariya tun daga 1955? Idan irinta ta kusa shigewa duhu, ina ga malamar ƙauye da aka ɗauka aiki lokacin shirin ilimin firamare kyauta na 1976? Ranar rabon gado ana lissafa gado da kwanuka da zannuwa, adakar takardu kuwa a tura ta lungu. Bayan shekara biyu sai ka tsinci littafin shirin darasinta an ƙunshe ƙosai a ciki, mai ya jiƙe zanen ƙwaryar da ta yi da hannunta. Wannan abu yana da ciwo ƙwarai.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne kada a yamutsa takardun. Yadda ta jera su da kanta shi ma labari ne. A ware abin da ya ruɓe kawai, a bar takardar ɗaukar aiki da ta canjin makaranta da wasiƙu da hotuna da zanen ɗalibai a inda suke.

Gara ce babbar abokiyar gaba. Tana hawowa ta ƙasa ko ta jikin bangon laka, ta cinye cikin littafi ta bar bangonsa lafiya lau, sai an ɗaga a ga ƙasa tana zuba. Saboda haka a sa su a akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan bulo biyu ko benci, ya tashi daga ƙasa kamar taƙi guda, kuma kada ya jingina da bango. Kada a ɗaure su a leda. Mutane na ganin kariya ce, alhali leda tana riƙe danshi, kafin damina ta fita takarda ta yi funfuna ta manne. Tsohon zanin auduga mai tsabta ya fi. Kafur ko busasshen ganyen darbejiya a ƙulle shi a tsumma a ajiye a kusurwa, kada ya taɓa takarda. Fiya-fiya da kananzir kuwa kada su kusance ta.

A zare duk wani fil da kilif, don tsatsarsu na huda takarda. Idan ta yage a bar ta haka a cikin ninkakkiyar farar takarda. Salatif yana bushewa ya faɗi, ya bar jan tabon da ba ya fita. Laminatin ya fi shi ɓarna, domin zafi da gam ne, kuma in an yi an yi ke nan.

Zanen gawayi da na alli suna son lallaɓawa. Ba a naɗe su kamar tabarma, ba a goge musu ƙura da tsumma. A kwantar da su, a sa farar takarda tsakanin kowane biyu, kada a danne da nauyi. Wanda ruwa ya taɓa a shanya shi ɗaya bayan ɗaya a inuwa inda iska ke ratsawa, domin rana tana cin launi. Hotunan da suka manne kada a ɓamɓare su da ƙarfi.

Sai abin da ba ya jira: tambayar tsofaffin abokan aikinta da ɗalibanta tun suna raye. Wace makaranta ce wannan, wace shekara, su wa ke tsaye? A rubuta amsar da fensir a bayan hoto, ba da biro ba, don tawadarsa na ratsawa. Sannan a ɗauki kowane shafi da waya, gaba da baya, a bakin ƙofa da hantsi, a kashe filasha. A ajiye a waya biyu a gida biyu. A riƙa buɗe akwatin sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da kuma bayan ɗaukewar damina.

Iyalin da ba za su iya riƙewa ba su tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ko Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi da ke Kaduna, su ji ko za a karɓa. Idan an yarda, a rubuta jerin abin da aka miƙa kwafi biyu, a bayyana ko kyauta ce ko ajiya, a cire wasiƙun sirrin gida in ana so, kowane ɓangare ya sa hannu ya riƙe nasa.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Birnin Kudu, Jihar Jigawa