Godiya ga wani shagon gyaran waya a Ahmadu Bello Way

Assalamu alaikum.

Godiya na zo yi a bainar jama'a ga wani ƙaramin shagon gyaran waya da ke kan titin Ahmadu Bello Way a Kaduna, kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, musamman ga matashin da ke zama a teburin ciki. Ban nemi izininsa ba, shi ya sa ba zan kama suna ba, amma in ya karanta zai gane kansa.

Atamfa da leshi nake sayarwa daga gida a Tudun Wada, kuma kusan duk cinikina a WhatsApp yake. Lambobin masu saye, hotunan kaya, saƙon muryar wadda ta ɗauki turmi biyu sai ƙarshen wata, lissafin adashinmu, duk a waya suke. Da aka zare mini wayata ta farko a cikin keke napep, sai na koma inda na saye ta, tunda su suka buɗe mini Gmail ranar da na saya. Na ce a ba ni kalmar sirrin. Wannan ya dubi wancan, wancan ya ce ai yaron da ya buɗe ya bar aiki. Haka na yi ta bin gidajen biki da suna ina roƙon lambobin mutanen da nake bi bashi. Wasu har yau ban same su ba, kuma ba na jin suna nemana.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da wayar hannuna ta fara ɗaukar zafi tana mutuwa da kanta, gabana ya faɗi. Shagon da na fara shiga, mai gyaran ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in bar ta da lambar buɗewa, zai kwashe komai ya zuba a kwamfutarsa, in dawo jibi. Hotunan 'ya'yana mata ba lulluɓi, a kwamfutar da yaran shago ke kallon fim da ita? Na karɓi abata na fito.

Shi kuwa wannan matashi kujera ya fara jawo mini. Ya ce, "Mama, batir ne, ba wani abu ba. Amma kafin in kwance ta, me kika fi tsoron rasawa a cikinta?" Wallahi tunda nake riƙe waya babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Ya juyo da fuskar wayar wajena, muna duba tare. Ashe wurin ajiya na GB 15 Google ke bayarwa kyauta a intanet, kuma Gmail da Drive da hotuna duk a cikinsa suke ci. Tun 2024 ajiyar WhatsApp ma cikin wannan lissafin take shiga, nawa kuwa ya cika maƙil da bidiyon biki da abubuwan da ake turowa a guruf. Ajiyar ta daɗe da tsayawa.

Daga nan ya shimfiɗa mini hanyoyin ajiya biyu, intanet da kwamfuta, ba tare da ya tura ni ga ɗaya ba. Ajiyar intanet da kanta take yi, kuma ko an sace waya ko ta faɗa ruwa kayan suna nan, muddin kalmar sirri da layin suna hannuna. Aibinta cin data, wadda kowa ya san yadda ta yi tsada tun ƙarin kuɗin 2025, sannan in wurin ya cika sai an riƙa biya duk wata. Kwamfuta ba ruwanta da data, za ta ɗauki bidiyo komai nauyinsa ta kebul, amma sai mutum ya tuna ya jona, kuma ranar da ta lalace ko ɓarawo ya haɗa da ita, an yi biyu babu.

"Mai daraja mara nauyi mu kai intanet, Mama. Mai nauyi ya zauna a gida." Lambobin da ke warwatse tsakanin sim da waya ya mayar da su cikin Google. Ya saita WhatsApp ta riƙa ajiya kullum amma banda bidiyo. Bidiyon kuma ya ce in zo da kwamfutar ɗana a zuba a ciki, a ƙara kwafi a filas in jefa a durowa. Da na ce ya zuba a tasa kawai mu huta, sai ya yi dariya ya ce kayan mutane ba sa kwana a kwamfutarsa.

Abin da ya fi burge ni, da aka zo sauya kalmar sirri sai ya miƙo mini wayar ya kau da kai har na gama. Ya ce in rubuta a takarda in ajiye tare da takardun gida. Ya nuna mini inda ake kulle ajiyar WhatsApp da wata kalmar daban, ya kuma gargaɗe ni cewa in wayar ta ɓata na kuma manta kalmar, ko su masu WhatsApp ɗin ba za su iya buɗe mini ba. Batir kuma an sauya, waya ta koma daidai, kuɗin batir kawai ya karɓa.

Yanzu don Allah me ya yi wuya a nan? Kullum ana sayar wa iyayenmu da 'yan uwanmu Tecno da Infinix da itel a garin nan, a buɗe musu imel a tsaye cikin minti biyu, a sa kalmar da mai wayar bai taɓa gani ba, a sallame shi. Ranar da aka wanke wayar ta nemi tsohon imel ɗin kafin ta buɗe, sai a ce ya kawo kuɗin cire makulli. Su kulle, su kuma a biya su buɗe. Wasu masu gyaran kuwa, ka tambaye su me ya samu wayarka sai su ɗaure fuska kamar ka zagi iyayensu. Ina kira ga shugabannin 'yan kasuwar waya na Kaduna su sa doka: duk wanda ya buɗe wa mutum imel, ya rubuta masa shi da kalmar sirrinsa a bayan rasit.

Kai kuma ɗana, Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka shagon kanka. Matan adashinmu na nan tafe da wayoyinsu, sai ka tanadi kujeru.

Wata mai sayar da atamfa,
Tudun Wada, Kaduna