Taron iyaye ran Asabar, kan katashis (darasin addinin Kirista) da darasin tarbiyya

Salama gareku iyaye, barkanmu da warhaka, ina gajiya, yaya yara?

Ran Asabar mai zuwa ƙarfe 9 na safe akwai taro cikin lakwal, ajin CM2. Azumin Karem na Kirista ya ƙarato, kwana 40 ne daga Larabar Toka, kuma masar (sista ta coci) mai koyar da katashis tana son mu tsaida lokacin da yaranmu Kirista za su riƙa zama, musamman masu shirin karɓar tarayya ta farko (cin jibin Ubangiji karo na farko a coci), don wasu sai an yi rabin darasi suke shigowa.

Iyaye Musulmi don Allah kar ku ce ba ruwanku, ku ne ma kuka fi yawa, kuma darasin tarbiyya na kowa ne. Jiya na ga wani ɗan CP ya tsinci dala ashirin bakin famfo ya ruga ya kai ma mushe, malaminsu, wallahi har raina na ji daɗi, irin wannan muke so mu tattauna yadda za mu riƙe shi a gida.

Kowa ya taho da dala ɗari, za mu sayi hatsi mu kai gidan marayu. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar nan kafin Juma'a.

Allah ya raya mana su, ya bar zumunci.
Sakataren kwamitin iyaye