Zuwa ga Bashir, kan kalmomin da Turanci ya binne

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da iyali. Ya Kumasi, ya fama da ɗalibai?

Tambayar nan da yaron ajinka ya yi maka, wai me ya sa Turanci ba shi da kalma guda ta "jibi" sai an jero kalmomi har huɗu, ta yi min daɗi ƙwarai. Ka gaya masa da akwai ta, mutuwa ta yi. Sunanta overmorrow, kuma tana da 'yar'uwa, ereyesterday, wato shekaranjiya. Overmorrow tana nan cikin fassarar Baibul ta Miles Coverdale ta 1535. Jamusawa ma har gobe suna amfani da irin tasu.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na zumunta. A tsohon Turanci, kawu daban, baffa daban, kamar dai yadda muke da su. Ɗan'uwan uwa eam ake ce masa, na uba kuma faedera. Haka gwaggo da inna, kowacce da sunanta. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, a hankali kalmarsu ta uncle ta haɗiye kawu da baffa duka, aunt kuma ta haɗiye gwaggo da inna. Yau Bature in zai faɗi ko ta wane ɗaki yake da mutum, sai ya yi dogon bayani.

Akwai kuma thou, wadda take daidai da "kai" ko "ke", you kuma "ku" ce, ta jam'i da girmamawa. Ladabi ya yi ta yawa har kowa ya koma "ku", thou ta rage a addu'a da waƙa da bakin wasu ƙauyawan arewacin ƙasar.

Abin da nake yaba musu shi ne ba su bari gawar ta ɓace ba. Babban ƙamus na Oxford yana ajiye matattun kalmomi, ya sa musu wata 'yar alama mai kama da wuƙa a gefe, tare da jimlolin da aka taɓa rubuta su a ciki da shekarunsu. James Murray, wanda ya karɓi aikin a 1879, a cikin rumfar kwano yake zama a bayan gidansa, 'yan sa-kai suna aiko masa da guntayen takardu ta gidan waya, kowace da kalma da jimlarta, shi da 'ya'yansa suna jera su a ramukan kanta. Ya rasu a 1915, ƙamus ɗin bai kammala ba sai 1928.

Wallahi Bashir, abin yana damuna in na ji yaranmu na birni suna kiran kawu da baffa duk "ankul", gwaggo da inna duk "anti". Ka tambayi 'yan ajinka na Zango ko sun san gata da citta, ka rubuto min abin da suka ce.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce kada ka manta da goronta in za ka zo Babbar Sallah.

Naka har kullum,
Aminu