Zaɓen Jarumi Shi Ke Tayar da Tsohon Wasan Waƙa ko Ya Kwantar da Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana kan wani ɓangare na sana'ar wasan dandamali da ake yi wa gurguwar fahimta, wato zaɓen wanda zai ja ragamar tsohon wasan waƙa da rawa idan aka tashi farfaɗo da shi a Broadway ta birnin New York ko a West End ta Landan, wato unguwannin manyan gidajen wasa na biranen biyu. Masu sharhi da yawa sun taƙaita maganar a kan abu ɗaya: a samo tauraro, tikiti ya ƙare. Suna yana sayar da tikiti, wannan ba musu. Sai dai iyakarsa ya cika kujeru a makonnin farko. Abin da ke riƙe wasa tsawon shekara shi ne ko maƙogwaron mutumin zai iya ɗaukar waƙoƙin sau takwas a mako, da kuma ko furodusa ya yi tanadin wanda zai karɓe shi ranar da ya kwanta ciwo da ranar da kwantiraginsa ya ƙare.

Sabon wasa labari yake sayarwa da waƙoƙin da kunne bai taɓa ji ba. Tsoho kuwa kowa ya san ƙarshensa, waƙoƙinsa suna cikin wayar mutane. Mai kallo yana biyan kuɗi ne don ya ji yadda wane ko wance za ta rera abin da ya riga ya haddace, kuma yana shiga zauren da muryar mai wasan farko a kunnensa. Shi ya sa wasan Funny Girl, wanda mawaƙiya Barbra Streisand ta buɗe a 1964, ya shafe shekara 58 ba a maido shi Broadway ba.

Da aka maido shi a watan Afrilun 2022 a zauren August Wilson, Beanie Feldstein aka ba matsayin Fanny Brice, jarumar labarin. Mace ce mai iya barkwanci, masu kallon fim kuma sun san ta, ga shi rabin aikin Fanny ban dariya ne. Amma ɗaya rabin manyan waƙoƙi ne da aka ɗinka wa muryar Streisand, masu buƙatar a ɗaga murya daga ƙirji a riƙe ta da dogon numfashi, musamman wadda ke rufe kashin farko na wasan. A nan masu sharhin jaridu suka ce da sauran gyara. Wasan ya sami shiga takara ɗaya tak a kyautar Tony (babbar lambar yabo ta wasannin Broadway) ta shekarar, ciniki ya riƙa ja da baya, ita kuma ta sauka a ƙarshen Yuli. Julie Benko, wadda ke zaman ko-ta-kwana don maye gurbin jaruma, ta riƙe matsayin a watan Agusta, sannan Lea Michele ta hau a ranar 6 ga Satumba. Zauren bai canza ba, darakta shi ne dai, labarin shi ne dai, amma cinikin mako ya ninka, ya haura dala miliyan 2 a Disamba, kuma kafin a rufe a Satumbar 2023 masu zuba jari sun mayar da dala miliyan 16.5 da suka zuba. Ni ban ga laifin Feldstein ba. Nauyin yana kan masu zaɓe, waɗanda ya kamata tun a ɗakin gwaji su auna muryar da waƙoƙin kafin su auna sunan da kasuwa.

Yadda ake wannan awon ba sirri ba ne. Shugaban makaɗa ba ya tsayawa kan ko mutum yana iya taɓo sautin da ya fi kowanne tsawo sau ɗaya. Abin da yake nema shi ne inda waƙar ta fi yawan zama, domin a nan gajiya take. Mawaƙiyar da ke iya kai wa can sama da safe tana hutacciya, ba lallai ta iya zama a can na minti huɗu ba bayan ta yi awa biyu tana magana, tana rawa, tana canza kaya da gudu. Don haka gwajin kirki shi ne a sa mutum ya yi rawar, ya faɗi maganganun fitowar, sannan ya shiga waƙar ba tare da ya zauna ba, kuma a maimaita washegari a ji abin da ya rage. Makirfo yana ƙara ƙara ne kawai, ba ya ƙara numfashi, ba ya daidaita murya idan ta zame. Hasali ma tona asiri yake yi.

Wasu kan ce ai sai a sauke waƙar ƙasa ta dace da tauraron. Ana yin haka, kuma ba aibi ba ne, amma yana da tsada. Sai an nemi izinin masu haƙƙin mallakar wasan. Sai an sake rubuta takardar kowane makaɗi, kuma abin da ke da daɗi ga goge a wani mataki yana iya fita daga ikon ƙaho a wani. Idan waƙar ta mutum biyu ce, sauke ta don ɗaya yana jefa ɗayan cikin rami. Idan da 'yan amshi, su ma sai an sake raba musu muryoyi. Sannan akwai asarar da ba ta shiga lissafin kuɗi: waƙar da aka rubuta don ta tashi tsikar jiki a ƙolinta, idan aka sauke ta da yawa, sai ta zama hira. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya canza ba, amma tafin da zai yi zai ragu.

Sai maganar sau takwas a mako. A al'adar Broadway ana hutu rana ɗaya, yawanci Litinin, ana kuma yin wasa biyu a rana ɗaya sau biyu a mako, galibi Laraba da Asabar. Ɗan fim ya saba da a ce a yanke a sake, mawaƙin faifai ya saba da hutu tsakanin dare da dare. A nan babu ko ɗaya. Igiyoyin murya suna kumbura idan aka matsa musu, mai su ya ƙara ƙarfi don ya rufe dushewar, kumburin ya ƙaru, daga nan sai likita ya ce a yi shiru na kwanaki. Maganin da sana'ar ta daɗe da sani shi ne karɓa-karɓa a bayyane. Matsayin Eva a wasan Evita an saba raba shi, babbar jaruma ta yi shida, wata ta yi biyu. Da Bette Midler ta yi Hello, Dolly! a 2017, Donna Murphy ce ke yin daren Talata. Lea Michele ma ta bar wa Benko ranar Alhamis. Ana sanar da wannan tun wajen sayar da tikiti, kowa ya san abin da ya saya. Ya fi a yi alkawarin takwas a cika biyar, domin idan sunan tauraro yana saman sunan wasa a allon talla, al'ada ce mai tikiti ya nemi a mayar masa da kuɗinsa ko a canza masa rana idan tauraron bai fito ba.

'Yan ko-ta-kwana sun cancanci a ba su muhimmancin da ake ba tauraro wajen zaɓe. A Disambar 2021, ana tsakiyar wasannin share fage na The Music Man, korona ta kama babbar jarumar wasan, Sutton Foster, Kathy Voytko ta hau matsayinta da sanarwar sa'o'i kaɗan, wasa ya gudana. Kwanaki kaɗan bayan nan cutar ta kama babban jarumin, Hugh Jackman, sai aka soke wasannin har ya warke. A cikin mako guda an ga amfanin tanadi, an kuma ga iyakarsa idan duk ginin ya dogara da mutum ɗaya.

Wannan dogaron shi ne babbar matsalar kuɗi. Babban wasa yana cin ɗaruruwan dubban daloli a kowane mako kafin a yi maganar riba, kuma babban tauraro kan karɓi albashi da wani kaso na cinikin ƙofa, ga shi da wuya ya amince da fiye da shekara. The Music Man ya riƙa yin cinikin sama da dala miliyan 3 a mako, amma da lokacin tafiyar Jackman ya yi a Janairun 2023, rufewa aka yi. Evita na 2012 da Ricky Martin shi ma ya rufe a Janairun 2013 da kwantiragin manyan 'yan wasansa ya ƙare. Furodusan da ya ɗauki wannan hanya dole ya lissafa cewa jarinsa zai dawo cikin watannin tauraron, abin da ke kai shi ga tsauwala kuɗin tikiti. Wanda kuwa ke son wasan ya rayu bayan tauraro, sai ya fara neman magaji tun kafin daren buɗewa, kamar yadda Bernadette Peters ta karɓi Midler a Janairun 2018 ba tare da an bar giɓi mai tsawo ba. Magaji ba ya samun makonni huɗu zuwa shida na atisayen da 'yan farko suka samu. Makonni biyu ko uku yake yi da manajan dandamali da mai kula da rawa, sai gwaji ɗaya da sauran 'yan wasa, sai ya fuskanci jama'a. Wanda bai taɓa taka dandamali ba, wannan lokacin bai isa ya koya masa komai ba.

Za a kawo mini hujja da wasan Chicago, wanda aka farfaɗo da shi a Nuwamban 1996 ya kuma zama wasan da aka maido da ya fi kowanne daɗewa a tarihin Broadway, yana ta shigo da sanannun fuskoki na 'yan makonni: Melanie Griffith, Brooke Shields, Usher, Pamela Anderson. Gaskiya ne, amma a duba ginin wasan. Nauyinsa a rabe yake tsakanin Roxie da Velma da lauya Billy Flynn, waƙoƙin Roxie suna karɓar mai rabin waƙa rabin magana, ƙwararrun 'yan rawa suna kewaye da baƙon, kuma labarin kansa a kan son suna da ruɗin 'yan jarida yake, don haka shaharar baƙon tana yi wa labarin aiki. Ann Reinking da Bebe Neuwirth, waɗanda suka fara taka Roxie da Velma a farfaɗowar, su ne suka kafa ma'aunin tun farko. A ɗauki wannan dabara a kai ta Funny Girl ko Gypsy, inda mace ɗaya ke ɗauke da daren, ba za ta haifar da ɗa mai ido ba.

Akwai kuma wasan da zaɓen 'yan wasa ya kashe shi sannan ya tashe shi. Merrily We Roll Along na marubucin waƙoƙi Stephen Sondheim ya rufe bayan wasa 16 kacal a 1981. Labarin abokai uku ne da ake bayarwa daga ƙarshe zuwa farko, aka ba matasa ƙanana su fara da taka rawar manyan da duniya ta gajiyar, masu kallo suka kasa gaskata su, wasu ma suka kasa bambance wane ne wane. A 2023 darakta Maria Friedman ta kawo shi Broadway da Jonathan Groff da Daniel Radcliffe da Lindsay Mendez, manya da za su iya komawa ƙuruciya a idon mai kallo. Radcliffe ne ya fi suna, amma ba shi aka ba babban matsayin ba, an ba shi na abokin da ya dace da yanayinsa. An zaɓe su a matsayin mutum uku da za a yarda sun yi shekara ashirin tare, aka kuma ga yadda suka haɗu a ƙaramin zaure a 2022 kafin a kai su babba. Wasan ya ci Tony na farfaɗowa mafi kyau a 2024, Groff da Radcliffe kowa ya ɗauki tasa, kuma jarin ya dawo kafin a rufe a Yulin shekarar.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka