Gyambon ciki: a daina ɗora wa yunwa da yaji laifin duka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku don in yi tsokaci kan gyambon ciki, wato olsa. Abin da aka fi ji a bakin jama'a shi ne yunwa da yaji ke kawo shi, alhali jinin da ke gudana a bangon tumbi yana da babban tasiri a lamarin.

Ruwan tsamin tumbi yana kaiwa 1.5 zuwa 3.5 a ma'aunin pH, wanda ke auna ƙarfin tsami: ƙaramar lamba, tsami mai ƙarfi. Abin da ke hana shi cin naman tumbin shi ne majina mai kauri, da sinadarin baikabonet mai kashe kaifin tsami, da jinin ƙananan jijiyoyi da ke kawo oksijin yana kwashe tsamin da ya kutso. Mai buɗe waɗannan jijiyoyi wata iska ce, naitirik oksaid. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyar jini ne ke haɗa ta daga sinadarin arjinin da oksijin, da taimakon inzayim (furotin mai hanzarta haɗa sinadarai a jiki) mai suna eNOS. Sai ta ratsa zuwa tsokar da ta naɗe jijiyar, ta tayar da inzayim na biyu wanda ke ƙara yawan cGMP, wani sinadari mai isar da saƙo a cikin ƙwayar tsoka; kalsiyam ya ragu a cikin tsokar, ta saki, jijiya ta buɗe. Iskar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, domin himogulobin, sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, yana kame ta, shi ya sa aikinta ke tsayawa daidai inda ake buƙata. Duk lokacin da tsami ya keta majinar, jijiyoyin saƙo na tumbi kan saki wani sinadari mai suna CGRP, shi kuma ya sa a ƙara fitar da iskar, jini ya kwararo wurin. Gano aikinta a jijiyoyin jini ne ya ba masana kimiyya uku, Furchgott da Ignarro da Murad, kyautar Nobel a 1998.

To, ina matsalar take? Naitirik oksaid tana aiki ne tare da furostagilandin, wani sinadari da jiki ke haɗawa wanda shi ma ke kare bangon tumbi. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen, piroxicam da asfirin suna toshe haɗa furostagilandin, su bar iskar ita kaɗai da aikin gadi. In mutum yana shan taba, ko yana da ciwon sukari, ko shekaru sun ja, ita ma tana da rauni. Wannan ne haɗarin da ɗan achaba ko lebura ke shiga in ya karɓi "haɗi" a kemis, iri biyu ko uku a ƙulli ɗaya, kullum da yamma. A ganina sayar da irin wannan haɗi ba tare da tambayar tarihin ciki ba ganganci ne. Parasitamol, in an tsaya kan ƙa'ida, ba ya yi wa tumbi wannan ɓarnar.

Akwai hanya ta biyu ta samun wannan iska da mu mutanen Jos ya kamata mu sani. Latas da alayyafon da ke cika kasuwar Farin Gada suna da sinadarin naitiret da yawa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ya shiga jini yakan dawo cikin miyau, ƙwayoyin cuta marasa illa da ke kan harshe su mai da shi naitirait, tsamin tumbi kuma ya mai da shi naitirik oksaid. Yawan kurkure baki da ruwan chlorhexidine, mai kashe ƙwayoyin cutar baki, ba bisa umarnin likita ba yana katse wannan hanya.

Amma kada a ɗauka ganye magani ne. In ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ta kama tumbi, wani inzayim, iNOS, yakan zubo iskar fiye da kima, ta haɗu da wasu sinadarai ta koma mai lalata ƙwayoyin tumbin. Maganin wannan shi ne gwajin bayan gida ko na numfashi, sannan magungunan kashe ƙwayar tare da masu rage tsamin tumbi irin su omeprazole na kwana 10 zuwa 14, a sha har ƙarshe. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, asibiti zai nufa a ranar.

Na gode.

Mai harhaɗa magunguna,
Jos, Jihar Filato